Ranar da Na Kira Ɗan Farina a Rediyo

Akwai wata 'yar baƙar rediyo da ta shekara shida a kan teburin da nake suyar waina a Plaine Orety, kuma ba tawa ba ce. Ta maƙwabciyata ce, wata 'yar Jos mai shinkafa da wake, wadda rumfarta ke manne da tawa a bakin tashar taksi. Teburinta kullum a jiƙe yake, shi ya sa take ɗora rediyon a nawa, ni kuma kullum sai na yi mata mitar ta cinye mini wurin ajiye ƙullu. Ba ta taɓa ɗaukewa ba, ni ma ban taɓa jefar da ita ba. Ita Kirista ce, ni Musulma daga Maraɗi, amma a Libreville in ka ce wa mutum sannu ya amsa da yauwa, to ka samu ɗan'uwa, sauran bayani sai a hankali.

Ran Asabar bayan la'asar ake yin abin da ta sayi rediyon dominsa. Wasu 'yan ƙasar ne suka haɗa kai suka kafa wata ƙaramar tasha a saman wani gidan burodi a Sotega, suka yanka wa baƙi lokaci kamar ana rabon nama. 'Yan Mali su yi nasu, mu masu jin Hausa mu shiga da rabin awa, bayanmu 'yan Benin. Muryar tashar ba ta zuwa nesa. Direbobi sun ce da ka bar gari ka kama hanyar daji sai ta koma shuuu. Amma a cikin gari, in lokacin ya yi, sai taksi su yi ta fakawa a gabanmu, kowa ya sayi waina biyu ya tsaya yana ci a hankali, wai yunwa ce ta tsayar da shi.

Mai gabatar da shirin wani tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, daga Tawa, wanda ya ajiye alli ya zo yana sayar da kayan mota a Oloumi. Mushe muke ce masa, yadda yaran lakkol ke kiran malami da Faransanci, don har a lokacin in yana magana sai ka ji kamar zai ce ka miƙo hannu a duba farce. Doka ɗaya gare shi, kuma ba ya sassauta ta ga kowa: ba ya karanta takardar mutum. Mai saƙo ya hau bene, ya zauna gaban makirufo, ya faɗa da bakinsa. Dalili kuwa, a farkon shirin wani ya taɓa aiko da takarda cewa mahaifin wane ya rasu a gida. Mushe ya karanta, bawan Allah ya shimfiɗa tabarmi ya karɓi gaisuwa har kwana uku, daga baya wasiƙa ta iso daga tsohon da kansa yana neman a aika masa da bargo. Ba a taɓa gano wanda ya rubuta takardar ba. Tun daga ranar Mushe ya rantse ba zai sake ara wa kowa bakinsa ba.

Ni dai a lokacin raina shirin nake yi, ba na ɓoyewa. Wannan ya hau yana neman ɗaki, wancan yana cigiyar ragon da ya tsinke, wani kuma ya ɓata kuɗin taksi ya je yana gaida surukansa da ke zaune ƙofa biyu da gidansa. Nakan ce wa 'yar Jos zaman kashe wando ne aka sa wa lantarki. Sai ta ce, "Mama, ki bar mu mu ji muryan mutanen mu," ta ƙara murɗa rediyon.

Sai aka wayi gari aka ce an karya darajar kuɗin sefa. Kuɗi yana hannunka, kamanninsa ba su sauya ba, amma ka je kanti ya ƙi ɗauko maka abin da ya saba ɗaukowa. Shinkafar wainata daga waje take zuwa, mai ma haka. Jita-jita ta cika gari, wasu na cewa za a canja takardun kuɗi cikin kwana uku, wasu na cewa wanda ya aika kuɗi gida ya yi asara. A Asabar ɗin nan Mushe ya kawo wani ɗan kasuwa da ya san harkar, ya yi bayani da Hausar da ko kaza za ta gane. Bayansa mata suka riƙa hawa suna faɗin inda suka ga manja da garin rogo da sauƙi. Ranar ce na fara miƙa hannu na ƙara muryar rediyon da kaina. 'Yar Jos ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, amma sai da ta tuna mini har sau bakwai kafin magariba.

Gari bai zauna lafiya ba bayan haka. An ƙona tayoyi a tituna, sojoji sun fito, wata babbar tasha da ke maganar siyasa aka wayi gari ta yi shiru. Masu tamu suka tsorata, kuma ban ga laifinsu ba. Suka ce ba a maganar gwamnati, kuma duk mai hawa benen sai ya bar kartarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, a ƙofa. Mu kuma a gida muka ga zaman ya yi tsauri, muka mayar da ƙananan yaranmu Maraɗi wajen ƙanwata. Maigidana direban motar katako ne, yana can cikin daji, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba. Ɗaki ya rage daga ni sai ɗan farina.

Ina da ƙuruciya na haife shi. Da aka yaye shi aka miƙa wa mahaifiyata, kamar yadda ake yi, ya tashi cikin ƙannena yana kirana Yaya kamar yadda suke kira. Ita ce Innarsa. Sai da ta rasu aka kawo mini shi Libreville, ya riga ya fi ni tsawo, aka sa shi koyon makanikanci a wani garaji a Oloumi. Ban taɓa faɗin sunansa ba. In zan yi zancensa sai in ce wancan, ko mai garaji, ko yaron gidan nan. In na gama girki sai in ajiye kwano in ce wa bango, "Ga abinci nan ga mai ci." Shi kuma ya ce wa ƙofa, "An gode." Haka na ga uwata ta yi da babban yayanmu, haka kakata ta yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Kada wani ya ɗauka ba na sonsa. Duk cikin 'ya'yana babu wanda nake jin motsinsa kamar shi. Na san takunsa tun daga bakin lungu, na san in ya gaji daga yadda yake cire takalmi. Wainar farko da ta fito da kyau a tanda tasa ce, ina rufe ta a gefe in ce ta ƙone. Sai dai duk wannan a ciki yake, bakina bai taɓa taya ni ba.

Shekara ta zagayo aka ba baƙi wa'adi: ko karta ko ka bar ƙasa. A nan shirin Mushe ya zama abin da ba wanda ke yarda ya wuce shi. Wanda ya je biro, wato ofishin karta, ya dawo shi ke hawa ya faɗi takardun da aka tambaye shi, da tagar da ya tsaya, da ƙarfe nawa ya kamata mutum ya kama layi. A nan muka ji cewa wanda ya miƙa takardunsa ana ba shi wata 'yar takardar shaida da suke kira resepise, ita ke tsare shi kafin karta ta fito. Mushe ya yi ta nanatawa, "Resepise ɗin ga, ku riƙe shi ga jikinku. Kada ku aje shi gida. In anka tare ka, shi za ya yi maka magana." Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba.

Tawa kartar tana da sauran kwana. Ta wancan ce ta ƙare, ya je ya yi layi kwana biyu ya samo resepise ɗinsa. Wata Alhamis ina wanki na laluba aljihun kayan aikinsa, sai ga takardar. Baƙin mai ya taɓa gefenta, kusurwa ɗaya ta yage, ga laima ta fara cin hatimin. Raina ya ɓaci. Na shanya ta, na naɗe a leda, na sa a ƙasan kwallata ƙarƙashin zannuwa, inda ko ɓera bai isa ba. Da yamma yana cin abinci na juya baya ina gyara tanda, na ce, "Wasu dai ba su san darajar takarda ba, sai an adana musu." Ya ce, "Uhm," ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni a wajena na gaya masa ke nan. Shi kuwa, kamar yadda ya faɗa daga baya, ya ɗauka da ɗan maƙwabta nake.

Ran Litinin ya fita bai dawo ba. Da gari ya waye na nufi Oloumi. Mai garajin, wani dattijo ɗan ƙasar mai kirki, ya fito yana goge hannu, ya gaya mini da Faransanci da nuni cewa da tsakar rana mota ta tsaya, aka tambayi kowa takarda. Ya kwatanta mini yadda yaron ya riƙa zazzage aljihunsa ɗaya bayan ɗaya yana cewa a nan take, a nan take. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ni kaɗai a duniya na san inda takardar take.

Kwana huɗu na yi ina yawo da ita a ƙugu daga wannan kamisariya ta 'yan sanda zuwa waccan. Faransancina na kasuwa ne, na iya farashi, na iya canji, na iya zagi in an taka ni, amma ban iya roƙo ba. Abin da nake yi kawai in miƙa takardar in nuna sunan da yatsa. A duba littafi, a girgiza kai, a miƙo mini. Wani ya ce waɗanda aka kwasa an raba su wurare da yawa, wani ya ce ana tara su ne a zuba a jirgin ruwa a fitar da su, kuma jirgi na gaba ba zai wuce mako mai zuwa ba. Na aika wa maigidana saƙo ta hannun wani direba, na san kafin ya same shi a daji an gama komai. Abin da ke cin raina shi ne a sauke yaron nan a wata gaɓar da bai san kowa ba, da kayan aiki a jikinsa, kuma ni ce sila.

Ran Juma'a na zo rumfa ban ko jiƙa shinkafa ba. 'Yar Jos ta dube ni ta ce, "Mama, kin yawo duka gari, ƙafa ya kumbura. Gobe Asabar. Ki je rediyo."

Na ce, "Sai in ba Mushe takarda ya karanta."

Ta ce, "Kin san ba ya karantawa."

Na ce, "To ni kin san ba na hwaɗi."

Ta ajiye ludayi ta kama ƙugu. "Wannan kunya na ku, shi zai dawo da yaro? Ki je. Ni zan zauna a nan in buɗe rediyo har ƙarshe, duka direbobi su ji." Na yi mata tsaki, na ce ita ba ta san al'ada ba. Amma washegari tun azahar na yi wanka na ɗaura zanen fita.

Benen yana da ƙunci, ƙamshin burodi yana bin mutum har sama. Na bar kartata wajen mai gadi, na tarar da benci cike, kuma da ganin fuskokin na san yawancinmu abu ɗaya ya kawo mu. Ɗakin da ake maganar bai kai ɗakin kwanana ba. An manna kwalayen ƙwai a bango, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, kowa yana zufa. Wata mata 'yar ƙasar tana zaune gaban na'ura da abin ji a kunne, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ita ke ɗaga yatsa in lokacin mutum ya yi. Mutum uku suka riga ni. Kowa ya zauna ya faɗi sunan wanda yake nema, da na ubansa, da garinsu, kamar shan ruwa. Ina kallonsu ina jin haushinsu ba tare da sun yi mini komai ba.

Da aka zo kaina na zauna, matar ta ɗaga yatsa, wata 'yar jar fitila ta kama. Na yi sallama na ce, "Ni ce mai waina ta bakin tashar taksi a Plaine Orety. Ina cigiyar wani yaro."

Mushe ya ce, "Wane yaro, Hajiya?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma shi duk macen da ta hau benen ta sauke farali.

Na ce, "Na gidanmu. Makanike ne a Oloumi. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a hannun hagu. Ran Litinin aka tahi da shi."

"Sunanshi?"

Na yi shiru. A rediyo shiru yana da tsawo, na ji shi yana tafiya cikin gari taksi bayan taksi. Na zaro ledar daga ƙugu na tura masa a kan tebur. Ya dubi takardar, ya dube ni, sai ya sa tafin hannu ya rufe makirufo ya ce a hankali, "Ɗan hwari ne?" Na ɗaga kai. Ya yi ajiyar zuciya irin ta malamin da ɗalibi ya ƙure. Ya ce, "Kawo. Yau ɗai na karya doka."

Har ya kama gefen ledar. Ban san daga ina abin ya taso ba, amma fushi ne ya zo mini, ba tausayi ba. Yaron nan tun yana shan nono nake miƙa shi. Wata ta goya shi, wasu suka yi masa wasa, wasu suka kira shi ya amsa. Rashin buɗe bakina ne ya kai shi inda yake, yanzu kuma in zauna mai sayar da kayan mota daga Tawa ya kira mini ɗa ina kallo. Na janye ledar daga hannunsa.

Na faɗi sunan. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Na sake faɗa, na haɗa da na ubansa da unguwarmu a Maraɗi, don masu ji su gane. Na ukun kuwa na manta da masu ji. Na kira shi kamar yana bayan ƙofa, na ce, "Takardarka tana wajena. Ni na ɗauke ta, ni na ɓoye cikin kwalla, ban gaya maka yadda za ka gane ba. Ka yahe mini. In kana ji, ka sa a hwaɗa mini inda kake, zan zo." Daga nan murya ta ƙare mini. Mushe ya karɓa ya maimaita kwatancen rumfata sau biyu. Matar nan mai na'ura, wadda ba ta fahimci komai ba, ta miƙo mini ruwa a kofinta.

Da na sauko sai kunyar ta same ni gaba ɗaya, na ja mayafi na rufe fuska har rumfa. Direbobi na nan tsaye, babu wanda ya dube ni, kowa ya samu abin dubawa a tayarsa. Wani tsoho a cikinsu ya ce wa ƙasa, "Allah ya bayyana shi," sauran suka amsa. 'Yar Jos idonta ya yi ja, ta ce albasa ce, alhali shinkafarta ta daɗe da sauka. Daga baya na ji wasu matan garinmu sun yi ta zancen cewa na kira ɗan fari a gaban duniya. Na aika musu cewa wadda nata ya ɓata ta zo ta koya mini yadda ake yi.

Ran Lahadi da hantsi wata farar mota ta tsaya a gaban rumfa, wani Bakano ya fito yana tambayar mai waina. Direban burodi ne, yana kai wa wani babban sito kusa da tashar jiragen ruwa, inda ashe aka tara wasu daga cikin mutanen. Ya ce, "Hajiya, ɗanki yana can, lafiyarsa ƙalau. Tun da asuba ina sauke kaya mutum ya fi goma suka taso ta jikin waya, kowa na rige-rigen ba ni labari." Ashe wani a cikinsu yana da 'yar rediyo, ba ya kunna ta sai Asabar don tattalin batir, duk masu jin Hausa su kewaye ta. Ya ce, "Wai da kika kira sunan, sai wani dogo ya miƙe tsaye ya ce na'am. Aka ja rigarsa aka ce zauna, rediyo ce. Kika sake kira, ya sake cewa na'am. A na ukun ya ce, na'am, Inna. Daga nan wai ba wanda ya sake jan rigarsa."

Na juya baya na yi ta juya wainar da ta riga ta nuna. Na cika masa leda, ya ce ba zai karɓa ba, na ce in bai karɓa ba zan zuba masa a mota.

Ran Litinin Mushe ya rufe shagonsa, mai garajin ma ya bar aikinsa, muka tafi mu uku. Mushe ya sa rigar da nake jin tun zamanin lakkol yake ajiyarta, ya yi ta zuba Faransanci daga wannan tebur zuwa wancan, mai garajin yana shaida cewa ma'aikacinsa ne. Aka karɓi takardar aka shiga da ita, aka fito, aka sake shiga. Tun safe har bayan azahar muna tsaye a rana. Sai ga shi an fito da shi, kayan aikin nan dai a jikinsa, ya rame, gemu ya fito masa. Ya durƙusa ya gaida Mushe, ya gaida maigidansa, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na amsa ina kallon teku.

Da muka isa gida ya yi wanka, na ɗumama miya na ajiye kwano, na ce wa bango, "Ga abinci nan ga mai ci." Ya zauna bai buɗe ba. Can ya ce, "Yaya, na ji." Na ce ya ci kafin ya huce. Na ɗauko resepise ɗin na ajiye a gefen kwanon, wannan karon na dube shi ido da ido na ce, "Ga takardarka. Ka sa a aljihu." Ya sa.

Abin da ya yi a Asabar ta gaba shi ne ya sa na san na haifi mutum. Bai gaya mini ba, ina cikin suya kawai na ji muryarsa ta fito daga rediyon 'yar Jos. Ashe kafin ya fito ya bi waɗanda ya bari a siton ya haddace sunayensu da garuruwansu da unguwar da danginsu suke. Ya zauna ya jero su ɗaya bayan ɗaya, Mushe bai katse shi ba, har suka ci wani abu daga lokacin 'yan Benin, su ma ba su yi ƙorafi ba. Ina kallo wani direba a gabana ya saki wainarsa ya ruga mota, don ya ji sunan ƙaninsa. Ba kowa aka sako ba. Da yawa sun hau jirgin, amma dai an kai musu kaya, an yi sallama, an san inda suka nufa. Wanda bai taɓa neman nasa ya rasa ba ba zai san girman wannan ba.

Tashar ba ta daɗe sosai bayan haka ba. Tsawa ta ƙona na'urar a wata damina, masu ita suka yi ta ƙoƙarin gyara har suka gaji. Ban san sunayensu ba, ba na jin yarensu, ban taɓa zuwa na ce musu na gode ba, kuma wannan yana damuna har yau. Sun ba baƙi rabin awa a lokacin da ake korar baƙi, a cikin rabin awar nan na samu ɗana. Ina yi musu addu'a tare da Mushe, da matar da ta ba ni ruwa, da Bakanon burodi. 'Yar Jos kuwa, daga ranar ni na ɗauki sayen batir, na kuma ware wa rediyonta wuri a tsakiyar tebur, ƙullu ya koma gefe. Ba ta bar ni na huta ba, duk Asabar sai ta tambaye ni ko a kunna zaman kashe wando.

Wancan ya taɓa zuwa wajen Mushe ya tambaya ko an ɗauki shirin ranar a kaset. Babu, kaset ɗaya gare su, shi suke sharewa su sake ɗauka. Matar wancan ce ta gaya mini haka bayan shekaru, ta ce ya ce ba komai, ya riƙe.

Yanzu na tsufa, na dawo Maraɗi, shi yana can da garajin kansa da 'ya'ya huɗu. Ban sake faɗin sunan ba, ko a nan ma da nake rubutu hannuna ya ƙi. Duk Asabar bayan la'asar yake bugo waya. Na san shi ne, amma sai in ɗauka in yi shiru, don ban san da me zan fara ba. Ban kira shi ba, amma kafin sallama, kafin komai, sai in ji ya ce, "Na'am, Inna."